Kiran Talla da Kiran Na'ura a Wayarka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai layin Najeriya ya san wannan abu. Ana tsakiyar ciniki, ko an kwanta bayan azahar, waya ta ɗauki ƙara, a yi sauri a ɗaga, sai a ji muryar da aka naɗa tana cewa a danna 1 a samu waƙa. Wani lokaci mutum ne da ba ka taɓa sani ba yake kiran sunanka, yana tallan bashi ko fili. Mutum ya sayi waya da kuɗinsa, yana sa mata kati da kuɗinsa, bai kamata ta zama allon tallan kowa ba. Akwai magani, sai dai kiran da ba a so iri uku ne, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki. Yawancin masu cewa sun gwada komai bai yi ba, maganin wani iri suka sha wa wani.

Waɗanne ne irin ukun?

Na farko shi ne tallan da ke bi ta hannun kamfanin layinka: tallan waƙar da mai kira ke ji, labarin ƙwallo, gasar kacici-kacici, sabon tsarin data. Wani tallan kamfanin ne da kansa yake yi, wani kuma ƙananan kamfanoni ne masu lasisi da ke raba riba da shi. Wannan shi ne mafi sauƙin tsayarwa, domin kowa a cikinsu yana ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC.

Na biyu kamfanoni ne na gaske da suka samu lambarka suke kira daga layukansu: masu ba da bashi ta manhaja, inshora, dillalan filaye, kamfanonin caca, da ofisoshin 'yan takara idan zaɓe ya ƙarato. Kamfanin layinka ba ya iya bambanta kiransu da kiran ɗan'uwanka, don haka su da dokar kare bayanai ake kama su.

Na uku damfara ce zalla. Mai kiran ba shi da lasisin da za a ƙwace, ba shi da ofishin da za a rufe. Babu lambar da za ka tura wa saƙo ya daina.

Me ya sa wani lokaci idan na ɗaga sai in ji shiru, sannan a katse?

Saboda ba mutum ne ya danna lambarka ba. Cibiyoyin kira suna amfani da kwamfuta mai buga lambobi da yawa a lokaci guda. Idan ma'aikata goma ne a zaune, na'urar na iya buga lambobi talatin, don ta san yawanci ba za a ɗaga ba. Wanda ya fara ɗagawa shi ake haɗawa da ma'aikaci. Idan kai ka ɗaga alhali duk ma'aikatan suna kan magana, sai ka ji shiru na daƙiƙa biyu ko uku, na'urar ta ajiye ka, ta sake sa lambarka a jerin waɗanda za a kira anjima. Wannan ɗan shirun kafin a yi magana alama ce mai kyau ta gane kiran na'ura, ko da daga baya mutum ya yi sallama.

Akwai kuma kiran gwaji. Masu tara lambobi suna buga jeri sukutum, daga lamba kaza zuwa kaza, don su ware masu rai da matattu. Lambar da aka ɗaga ta fi tsada idan za a sayar da jerin.

Ina suka samu lambata, ni da ban ba su ba?

Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce, huɗun farko kuma sanannu ne, irin su 0803, 0802, 0805 da 0809. Kwamfuta na iya ƙirƙiro sauran bakwai ɗin bi da bi ba tare da ta san ko kai wane ne ba. Idan mai kira bai san sunanka ba, mai yiwuwa haka aka samo ka.

Idan kuwa ya kira sunanka, to daga wani wuri ta fita. Wuraren da aka fi samu su ne fom ɗin tallafin bogi da ake yaɗawa a WhatsApp, wanda ke neman suna, jiha, lambar waya da lambar asusu. Rijistar taro ko gasa. Manyan zaurukan WhatsApp inda kowa ke ganin lambar kowa. Shafin Facebook da aka bar lamba a fili. Da takardun rijista da ake bari a shagunan buga takardu da cike fom. Hanya mafi ɓoyuwa ita ce wayar abokinka. Idan ya sauke manhajar da ta nemi izinin duba lambobin da ya ajiye, ya danna amincewa, to lambarka ta tafi tare da sunan da ya sa maka, ko da kai ba ka taɓa jin sunan manhajar ba.

Sannan akwai layin gado. Idan layi ya yi watanni ba a amfani da shi, kamfani yana karɓe lambar ya sayar wa wani. Sabon mai layin sai ya gaji masu bin tsohon bashi, da tallan da tsohon ya yi rijista, har da alat ɗin bankinsa wani lokaci.

Mene ne 2442, kuma yaya ake amfani da ita?

Lamba ce da NCC ta tilasta wa duk kamfanonin layi su buɗe a 2016, lokacin da Farfesa Umar Garba Ɗambatta yake shugabantar hukumar. Ana kiran tsarin DND, ma'ana kar a dame ni. Iri ɗaya ce a MTN, Airtel, Glo da T2 (wanda a da ake kira 9mobile), kuma kyauta ce.

Buɗe wurin rubuta saƙon tes, ka rubuta STOP, ka tura zuwa 2442. Wannan shi ne cikakken rufi, yana tsayar da tallan saƙo da na murya da ke bi ta kamfanin. Saƙon tabbatarwa zai dawo maka, kar ka goge shi, shi ne shaidarka idan za ka kai ƙara. Yawanci yana fara aiki cikin awa 24. Don ka san matsayin layinka, tura STATUS zuwa 2442.

Idan akwai tallan da kake so, tura HELP, za a turo maka jerin rukunoni, ka zaɓi wanda kake so a bar maka a buɗe ta hanyar tura lambarsa. Rukunonin su ne 1 banki da inshora, 2 gidaje da filaye, 3 ilimi, 4 lafiya, 5 kayan masarufi da motoci, 6 sadarwa da nishaɗi, 7 yawon buɗe ido, 8 wasanni, 9 addini. Kalmar janye rufin gaba ɗaya ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, HELP ɗin ce za ta nuna maka ta naka.

Kuskure biyu ake yawan yi. Mai waya mai sim biyu ya tura daga sim ɗaya ya zaci duka ya rufe, alhali kowane layi sai an yi masa nasa. Na biyu shi ne mayar da STOP ga lambar da ta turo tallan a maimakon 2442. Wannan a mafi kyau tallan wannan kamfanin kaɗai zai tsayar, a mafi muni kuma ka shaida wa ɗan damfara cewa layin yana hannun mai karatu.

Idan na rufe gaba ɗaya, alat ɗin banki zai daina zuwa?

A'a. Alat na shiga da fitar kuɗi da lambar sirri ta wucin gadi da ake kira OTP ba talla ba ne, kuma bankuna suna tura su ta wata hanya dabam da aka ware wa saƙonnin hulɗa. Inda ake samun matsala shi ne ƙananan masu tura saƙo: makarantar yara, ƙungiya, asibiti mai zaman kansa, shagon intanet. Da yawansu suna sayen saƙon jimla mai arha, wanda ke bin hanyar talla, sai ya maƙale a layin da aka rufe. Idan ka lura sanarwar makaranta tana zuwa wa maƙwabcinka ba ta zuwa maka, ka shaida wa makarantar su nemi mai tura musu saƙo ya mayar da su hanyar hulɗa. Kuɗinta ya ɗan fi, amma tana shiga kowane layi.

Na tura STOP, amma har yanzu ana kirana. Me ya faru?

Duba lambar da ta kira. Idan gajeriya ce, alƙaluma uku zuwa biyar, ko saƙon ya zo da sunan kamfani a maimakon lamba, kuma talla ne, to an saɓa umarnin NCC, kana da ƙarar da za ka kai. Umarnin 2016 ya tanadi tarar naira miliyan 5 ga kamfanin layin da ya saɓa, da ƙarin naira 500,000 kowace rana muddin bai gyara ba.

Idan cikakkiyar lamba ce mai alƙaluma 11, kira ne daga layi zuwa layi, 2442 ba ta ganinsa. Haka kiran WhatsApp, wanda ta intanet yake bi. Saƙonnin da suka shafi layinka kai tsaye, kamar sanarwar ƙarewar data ko batun haɗa NIN, su ma za su ci gaba da zuwa, don ba a lissafa su a talla ba. Kuma idan ka yi ƙaura da lambarka daga wani kamfani zuwa wani, ko aka yi maka sabon sim bayan ɓata, sake tura STATUS ka tabbatar rufin bai faɗi ba.

Katina yana raguwa ban kira kowa ba. Yana da alaƙa da waɗannan kiraye-kirayen?

Sau da yawa yana da ita, kuma nan ne talakawa suka fi asara, don kuɗin kaɗan-kaɗan ne yake tafiya ba a lura. Muryar ta ce a danna 1, yaro ko tsoho ya danna, ko kunci ya taɓa allon waya ana magana. Ko kuma wani saƙo ya faɗo a tsakiyar allo mai OK da Cancel, mutum yana sauri ya danna OK don ya kawar da shi. Daga nan an shiga rijistar wani sabis da ke sabunta kansa kullum ko duk mako. Naira 20 a rana naira 600 ce a wata, naira 7,300 a shekara. Idan layin ba kati, sai su jira, da an loda su zare.

A nan 2442 ba ta isa ba, domin ita talla take hanawa, ba ta soke rijistar da aka riga aka shiga. Lambar sokewa ita ce *305#. Tun daidaita gajerun lambobi da NCC ta yi a 2023, iri ɗaya ce a duk layuka, kamar yadda *310# ta zama ta duba kati, 300 kuma ta sashen kula da abokan hulɗa. Danna *305#, ka duba jerin abin da aka sa maka, ka soke ɗaya bayan ɗaya. Bayan nan ka duba katinka da dare, ka sake dubawa da safe, kwana biyu ko uku a jere, tare da kashe data don kar ta rikita lissafin. Idan har yanzu yana raguwa, kira 300 ka nemi a karanto maka duk abin da aka cire a kwana talatin da suka wuce. Ƙa'idar NCC ta hana a sa wa mutum sabis ba da yardarsa ba, don haka kana da damar neman a mayar maka da kuɗin, ba sokewa kaɗai ba.

Yaya ake kai ƙara har a saurare ta?

Mataki biyu ne, kuma tsallake na farko shi ke kashe ƙara. Fara da kamfaninka ta 300. Faɗi ranar da ka tura STOP, lambar da ta kira ko ta turo saƙo, rana da lokaci, da abin da aka ce. Kafin ka ajiye, nemi lambar tikitin ƙorafi, ka rubuta ta. Idan ba a warware ba, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kira 622, layin NCC na kyauta. Abin da za su fara tambaya shi ne wannan lambar tikitin, don da ita suke bin kamfanin.

Ɗauki hoton allon kowane saƙo yadda rana da lokaci za su fito. Idan talla ya zo da tsakar dare ka ambata, domin ƙa'idar ta taƙaita tura shi tsakanin ƙarfe 8 na safe da 8 na dare. Ƙorafin da ya ce ana damuna da kira kullum ba ya zuwa ko'ina. Wanda ya ce lamba kaza ta kira ranar Talata ƙarfe 9:40 na dare, alhali na rufe tun watan jiya, ga shaida, shi ake iya hukunci da shi.

Kamfanin da ke kirana daga layinsa fa, wace doka ce ta hau kansa?

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ita ce ta kafa hukumar kare bayanai, wato NDPC. Lambar wayarka bayananka ne a ƙarƙashinta. Sashe na 36 ya ba ka damar ƙin amincewa a yi amfani da bayananka wajen talla a kowane lokaci, kuma da zarar ka ƙi, dole su daina. Kana kuma da damar tambayar inda suka samo lambar, da neman a goge ta. Tarar manyan kamfanoni tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta ƙanana naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin.

A aikace, kar ka yi faɗa da mai kiran, ɗan aike ne. Tambaye shi cikakken sunan kamfanin da adireshin imel ɗinsu. Ka ce masa a fili ba ka amince a sake kiranka don talla ba. Sannan ka rubuta musu haka, gajere, da lambarka da kwanan wata, don maganar baki ba ta zama shaida. Idan suka sake, ka kai wa NDPC kwafin wasiƙar da jerin kiran da ya biyo bayanta. Wanda ya ƙi faɗin sunan kamfaninsa kuwa, ka sauke shi daga iri na biyu zuwa na uku.

Manhajar bashi tana kirana kan bashin wani, har da zagi. Dole ne in biya?

Ba dole. Idan ba ka sa hannu a matsayin mai tsaya masa ba, ba a binka ko kwabo, kuma kasancewar lambarka a wayarsa ba tsayawa ba ce. Abin da suke yi shi ne kwashe lambobin wanda ya ci bashin lokacin da ya sauke manhajar, in ya makara sai su bi iyayensa, surukansa da abokan aikinsa da kira da saƙon tozarci, wani lokaci har da hotonsa ana kiransa ɓarawo. Wannan ya raba zumunci da yawa, kuma haramun ne a doka. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan. A 2022 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, ta kuma fito da tsarin rijistar masu ba da bashi ta intanet, tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta. Daga ƙarshen watan Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji na Play Store taɓa lambobi da hotunan waya. Waɗanda suka rage suna wannan ta'asa galibi ta mahaɗin WhatsApp ake sauke su, shi ya sa bai kamata a sauke manhajar kuɗi daga mahaɗin da aka turo ba.

Kar ka goge saƙonnin. Ɗauki hotonsu, rubuta sunan manhajar, ka kai wa FCCPC da NDPC, sannan ka toshe lambobin. Ka kuma sanar da wanda ya ci bashin cikin sirri, don ya shiga saitin wayarsa ya janye izinin.

Ana yi mini filashin daga lambar ƙasar waje. In bi kiran?

Kar ka bi sai ka san mai ita. Wannan tsohuwar dabara ce da ake kira wangiri, kalmar Japananci mai nufin ƙara ɗaya a katse. Suna hayar lambobi masu tsadar kira a wata ƙasa, na'ura ta yi wa dubban mutane filashin, sau da yawa da dare. Duk wanda ya bi, ana cajinsa kuɗin ƙasar waje mai nauyi a minti, su kuma suna da kaso a ciki. Don a riƙe ka, za ka ji kamar waya na ci gaba da ringin alhali an riga an ɗaga ana caji, ko murya ta ce ka jira.

Ta fi kama mutanenmu saboda kusan kowane gida yana da ɗan'uwa a Nijar, Kamaru, Cadi, Gana, Sudan ko Saudiyya, kuma filashin al'ada ce a wurinmu. Ka riƙe lambobin ƙasashen da kake da mutane: Nijar +227, Kamaru +237, Cadi +235, Gana +233, Sudan +249, Saudiyya +966. Ka kuma dubi lamba da kyau, don +231 da +232 a kallon sauri suna kama da +234 tamu. Ɗan'uwa na gaske zai sake kira ko ya turo saƙo.

Lambar da ta fito a allo ta bankina ce. Ba shi ke nan ba?

Ba shi ke nan ba. Lambar da kake gani mai kira ne yake aiko ta tare da kiran, kuma wanda ke kira ta intanet yana iya rubuta wadda ya ga dama. Haka sunan da ke kan saƙon tes: ana iya sa sunan banki, saƙon ya faɗa cikin jerin alat ɗinka na gaske.

Abin da ake dubawa shi ne me ake nema a wurinka. Banki ba ya kiranka ya tambayi lambar sirrin katin ATM, ko alƙaluma uku na bayan katin, ko OTP, ko lambar sirrin tura kuɗi. Ɗan damfara yakan fara da karanto maka sunanka, ranar haihuwarka, har da BVN ɗinka, don ka saki jiki, sannan ya ce za a rufe asusunka yau idan ba a sabunta ba. Sanin waɗannan bai nuna komai ba sai cewa bayananka sun fita. Gaggawar ita ce makaminsa. Ajiye wayar, ka kira lambar da ke bayan katinka da hannunka, ko ka taka zuwa reshe. Haka batun kyauta: wanda bai shiga gasa ba bai ci gasa ba, kuma kyautar da sai an biya kafin a karɓa tarko ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Muryar ta ce in danna 9 a cire ni daga jerin. In danna?

Idan daga gajeriyar lambar kamfanin layinka ne, ba ka buƙata, 2442 ta fi. Idan daga baƙuwar lamba ne, kar ka danna komai, kar ka yi magana, ajiye kawai. Dannawa tana shaida wa na'urar cewa mutum ne ya ɗaga kuma yana bin umarni.

An ce in danna wasu lambobi masu tauraro don a gyara mini layi. Mene ne hatsarin?

Idan lambobin sun fara da *21* ko **21*, lambar waya ta biyo baya, sannan #, to umarni ne na karkatar da duk kiranka zuwa waccan lambar. Da ɗan damfara ya samu haka, sai ya buɗe WhatsApp da lambarka a wayarsa, ya zaɓi a karanto masa lambar tabbatarwa mai alƙaluma 6 ta kiran murya, kiran ya tafi wurinsa. Cikin minti kaɗan yana rubuta wa 'yan'uwanka da sunanka yana neman rance. Wata hanyar ita ce ya kira ya ce shi ɗan zaurenku ne, za a yi taro ta intanet, ka karanto masa lambar da ta shigo maka yanzu.

Danna *#21# ka ga ko an karkatar da layinka. ##002# tana soke duk karkatarwa. A WhatsApp shiga Settings, Account, Two-step verification, ka sa lambar sirri mai alƙaluma 6 da imel. Minti biyu ne, kuma shi ke hana ƙwace ko da sun samu lambar farko.

Me wayar kanta za ta iya yi?

A Android, ko Tecno ce, Infinix, itel ko Samsung, danna lambar a jerin kira ka riƙe, ka zaɓi Block ko Blacklist. Idan manhajar kiran ta Google ce, kunna Caller ID and spam a saitinta. A iPhone akwai Silence Unknown Callers, mai rufe bakin baƙuwar lamba, tun iOS 13, WhatsApp ma yana da irinsa tun 2023, a ƙarƙashin Privacy sannan Calls. Ƙananan wayoyi masu madannai da yawa suna da Blacklist a saitin kira, sai dai lambobin da yake ɗauka kaɗan ne.

Toshe lamba ɗaya-ɗaya yana maganin mai naci, ba ya maganin mai sauya layi kullum. Rufe bakin duk baƙuwar lamba kuwa ya fi ƙarfi, amma bai dace da ɗan kasuwa, direba, mai neman aiki ko mai majinyaci a asibiti ba. Irin waɗannan gara su raba layi: ɗaya na kasuwa da za a rubuta a allo da fom, ɗaya na iyali da banki wanda ba a bayarwa.

Truecaller fa?

Manhaja ce mai nuna sunan mai kira, tana da amfani wajen nuna lambar da mutane da yawa suka yi wa alamar damfara. Amma a san yadda take: kamfanin Suwidin ne, kuma rumbun sunayenta daga masu amfani da ita yake taruwa. A 2019 NITDA ta buɗe bincike kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma sunan da take nunawa ba shaida ba ne, ɗan damfara yana iya yi wa layinsa rijista da sunan banki. A yarda da ita idan ta yi gargaɗi, kar a yarda da ita idan ta wanke mutum. Mai son cire lambarsa daga rumbun yana iya yi a shafinsu na unlisting, bayan ya rufe asusunsa idan yana da shi.

Yaya zan kare iyayena da ba sa karatun boko?

Karɓi wayar ka yi musu da hannunka: STOP zuwa 2442 a kowane sim, *305# a soke abin da ke ciki, ##002#, sannan ka ajiye lambobin 'ya'ya da jikoki da sunan da za su gane. Ka roƙe su abu ɗaya, cikin ladabi: Baba, duk wanda ya kira ya ambaci banki, BVN, NIN, tallafi ko kujerar Hajji, a ce masa sai yarona ya zo, a ajiye. Ka maimaita duba *305# duk wata, musamman idan jikoki na wasa da wayar. Yanzu da ake iya kwaikwayon muryar mutum da kwamfuta, ku kuma yi yarjejeniya a gida cewa duk kiran gaggawa na neman kuɗi, ko da muryar ɗa ce, sai an ajiye an kira shi a lambarsa da aka sani.

Ina zaune a waje. 2442 za ta yi mini aiki?

Layin Najeriya kaɗai take rufewa. Amurka tana da rijistar Do Not Call tun 2003, a hannun hukumar kasuwanci ta FTC, kuma dokar TCPA ta 1991 ta hana kiran na'ura zuwa wayar hannu ba da izini ba. A watan Fabrairun 2024 hukumar sadarwa ta FCC ta ce muryar da kwamfuta ta ƙirƙira ma ta shiga ƙarƙashin dokar. Ingila tana da irin wannan rijistar mai suna TPS, Indiya kuma lambar 1909. A ko'ina gibin ɗaya ne: rijistar tana ɗaure kamfani mai bin doka, ba ta ɗaure ɓarawo.

Na riga na ba da lambar sirri, an cire kuɗi. Me zan fara yi?

Rufe asusun kafin komai. Bankuna suna da lambar tauraro ta rufe asusu wadda ake iya dannawa daga kowace waya, kowane banki da tasa. Ka tambayi taka tun yau ka rubuta a takarda, ba a cikin wayar kaɗai ba. Daga nan kira bankin ka ba da lokaci, adadin kuɗi da asusun da aka tura wa, ka nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa a riƙe kuɗin. Awannin farko su ne komai, don ɓarayin suna rarraba kuɗin zuwa wasu asusu ko su cire a POS nan take. Ka je reshe ka rubuta ƙorafi, ka karɓi lambar shaida, a soke katin a ba ka sabo, ka sauya duk lambobin sirri. Kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC da lambar da ta kira da hotunan alat. Idan mako biyu suka wuce bankin bai warware ba, ka ɗaukaka ƙarar zuwa sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya, tare da lambar shaidar.

Bayan kwana kaɗan wani zai iya kira ya ce daga EFCC yake ko daga bankin, an kama ɓarayin, a biya wani abu a dawo da kuɗin. Su ne dai suka dawo, ko waɗanda suka sayar wa lambarka. Ka ƙara wannan lambar a cikin rahoton da ka kai.